Muhawara: Sayen ƙasarta Amurka ta yi, ko ƙwace?

Abba Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da dare mun yi gardama a majalisarmu har mai shayi ya tashi ba mu gama ba. Wani abokina ya ce ƙasar Amurka gaba ɗaya ta sata ce. Ni kuma na ce masa a'a, mutanen nan da kuɗinsu suka saya. Tsibirin Manhattan saye aka yi a 1626. Yankin Louisiana sun biya Faransa dala miliyan 15 a 1803. Alaska sun biya Rasha dala miliyan 7.2 a 1867. Ko Meksiko da suka ci da yaƙi sai da suka ba ta dala miliyan 15. Wace ƙasa ce a duniya ta ci yaƙi kuma ta biya? Malam Bala, don Allah a raba mana gardamar nan.

Malam Bala Zariya:
Wa alaikumus salam. Abba, alƙaluman da ka kawo duk daidai ne, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya kawai zan yi maka kafin in ce komai: a cikin waɗannan cinikayya da ka lissafa, wa ya karɓi kuɗin, kuma wa ke zaune a ƙasar?

Abba Kurna:
Malam, mai ƙasa mana. Faransa ce ke da Louisiana a lokacin.

Malam Bala Zariya:
To a nan gizo ke saƙa. Yankin da ake kira Louisiana a 1803 ba jihar Louisiana ta yau ba ce. Fili ne daga kogin Misisipi har zuwa tsaunukan Rocky, wajen murabba'in mil dubu 828, ya ninka Najeriya fiye da sau biyu. Turawan da ke ciki 'yan kaɗan ne, galibinsu a New Orleans da St. Louis da 'yan garuruwan bakin kogi. Sauran faɗin ƙasar kuwa na Osage ne, da Sioux, da Pawnee, da Mandan, da Cheyenne da wasu al'ummu masu yawa. Mafi yawansu ba su taɓa jin sunan Napoleon, mai mulkin Faransa a lokacin, ba, balle a tambaye su. Shi kansa Napoleon bai taɓa taka wurin ba. Shugaba Jefferson ma bai san abin da ya saya ba, shi ya sa a 1804 ya tura Lewis da Clark su bi kogin Missouri su gano masa. A shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu ke nan, don ku gane zamanin da muke magana a kai.

Kuma dalilin da ya sa Napoleon ya sayar ya kamata mu sani. Bayi baƙaƙe a Haiti ne suka karya rundunarsa, su da zazzaɓin shawara. Da Haiti ta suɓuce masa, Louisiana ba ta da sauran amfani a wurinsa, ga yaƙi da Ingila na tafe yana neman kuɗi.

Barista Nafisa:
Malam, bari in ɗora daga ɓangaren shari'a, domin wannan wuri ne da ɗalibai ke rikicewa. Abin da Amurka ta saya daga Faransa shi ne iko, wato babu wata ƙasar Turai da za ta ƙara sa hannu a yankin, kuma ita kaɗai ke da damar karɓar ƙasar daga hannun mazaunanta, ko da saye ko da yaƙi. Kotun Ƙolin Amurka ta fayyace wannan a 1823, a shari'ar Johnson da M'Intosh, ƙarƙashin alƙalin alƙalai John Marshall. Hukuncin ya ce ƙasar Turai da ta fara gano wuri ita ke da ainihin mallakarsa, 'yan asalin wurin kuma haƙƙin zama kawai gare su, kuma ba su da ikon sayar wa kowa sai gwamnati. Ka duba, Abba: mai saye ɗaya ne tak, shi ke da bindiga, shi ke da kotu, shi ke yanka farashi. A fiƙihunmu ma ciniki ba ya inganta sai da yardar ɓangarorin biyu.

Wannan aƙida ta gano ƙasa ta samo tushe ne daga wasu takardun fafaroma na ƙarni na 15. Sai a watan Maris na 2023 Fadar Vatican ta fito ta nesanta kanta da ita.

Ummi:
Anti Nafisa, su waye 'yan asalin? Indiyawan daji da muke gani a finafinan kaboyi?

Anti Rabi:
Ummi 'yata, su ne, amma ki bar wannan suna don Allah. Ni ma da shi na tashi, sai da na zo nan jihar Jojiya ta Amurka na gane cin fuska ne. Ba Indiyawa ba ne, Columbus ne ya ɗauka Indiya ya iso a 1492 sunan ya bi su. Kuma ba 'yan daji ba ne. Manoma ne da yawansu, masara da wake da kabewa suke shukawa, suna da garuruwa da sarakuna da majalisu. Masarar da muke gasawa a bakin titi ma asalinta daga wannan nahiya take. Kowace al'umma da sunanta da harshenta, kamar yadda ba za ki haɗa Bahaushe da Babarbare da Banufe ki ce abu ɗaya ba ne.

Malam Bala Zariya:
Madalla Hajiya. Bari mu koma farko, domin Abba ya fara da Manhattan.

Ingilawa ba su ne farkon zuwa ba, Sifaniyawa sun kafa St. Augustine a Florida tun 1565. Garin Ingilawa na farko da ya ɗore shi ne Jamestown a Virginia, 1607, kuma kamfani ne ya kafa shi, na masu hannun jari a Landan da ke neman zinariya. Ba su samu ba. Yunwa ta kusa ƙarar da su a hunturun 1609 zuwa 1610, mutum wajen 60 suka rage a garin. Abin da suka ci suka rayu a shekarun farko masarar mutanen Powhatan ce, wani lokaci da musaya, wani lokaci da ƙarfi. Abin da ya ceci garin taba ce, wadda John Rolfe ya fara shukawa wajen 1612. Ita kuma taba tana cinye ƙarfin ƙasa da sauri, bayan 'yan shekaru sai an nemi sabuwar gona. Ga kuma buƙatar hannaye. A 1619 jirgi ya sauke mutum ashirin da 'yan kai daga yankin Angola. To kun ga tun daga tushe abu biyu suka tashi tare kamar tagwaye: neman gona da neman mai noma ta.

A arewa kuma, jirgin Mayflower ya sauke mutum 102 a Plymouth a 1620, kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko. Sun tarar da gonaki a share babu kowa, domin annobar da jiragen Turawa suka kawo ta shafe ƙauyukan gaɓar tsakanin 1616 da 1619. Sarkin Wampanoag, Massasoit, ya ƙulla amana da su, wani mai suna Squanto ya koya musu shukar masara. Shekara hamsin da 'yan kai bayan nan, a 1676, ɗan Massasoit ɗin nan mai suna Metacom aka kashe a yaƙi da 'ya'yan waɗannan baƙi, aka soke kansa a kan sanda a Plymouth, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi.

Manhattan kuwa, Turawan Holan sun ba da kaya na kimanin gilda 60. Masana da yawa na ganin mutanen Lenape sun ɗauki abin a matsayin kyautar baƙo da ke neman wurin zama, kamar yadda baƙo zai kai wa mai gari gaisuwa a ba shi gona ya noma. Baƙon kuma ya rubuta a takardarsa cewa ya saya har abada.

Musa Maradi:
Malam, wannan magana ta ƙarshe ta taɓa ni. Haka kakanninmu suka yi da Faransawa. A kawo takarda da harshen da ba ka ji, a ce ta abota ce da kasuwanci, ka sa hannu, gobe a nuna ta a teburin Turai a ce ka miƙa ƙasarka.

Malam Bala Zariya:
Haka ne Malam Musa. A wajenmu ma a 1885 Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu da takardun kamfanin George Goldie, ɗan kasuwar Ingila, kuma da irin waɗannan takardu Ingila ta kafa hujja a gaban sauran Turawa. Bambancin shi ne mu mulki suka zo yi da kwasar kaya, suka tafi. A can zama suka zo yi, don haka ƙasar kanta suke so, ba harajin mutanenta ba.

Ga misali ɗaya da nake ba ɗalibaina. A 1737 'ya'yan William Penn, Baturen Ingila da ya kafa Pennsylvania, suka fito da wata tsohuwar takarda suka ce kakannin Lenape sun yarda su ba da ƙasa iyakar tafiyar mutum ta yini ɗaya da rabi. Lenape suka yarda, a zatonsu tafiya ce irin ta mutane, a huta, a ci abinci. Sai aka share hanya tun kafin ranar, aka ɗauko mutum uku mafiya gudu. Biyu suka gaza a hanya, na ukun ya ci wajen mil 60. Aka ja layi, ƙasa fiye da eka miliyan ɗaya ta tafi. Abba, a takarda wannan ma ciniki ne.

Abba Kurna:
Na ji, Malam. Amma wannan zamanin mulkin Ingila ne. Bayan 1776 ai sun kafa ƙasa a kan 'yanci da doka. Tsarin mulkinsu na 1787 har yau shi ke aiki. Mu nawa muka canza?

Barista Nafisa:
Tsarin mulkin nan abin a yaba ne ta fuskoki da yawa, ba zan musa ba, mu ma daga gare shi muka kwafo tsarin shugaban ƙasa a 1979. Amma ka san ɗaya daga cikin abubuwan da suka fusata su da Ingila? Bayan an ci Faransa da yaƙi a 1763, Sarki George na Uku ya ja layi a kan tsaunukan Appalachian ya ce kada Bature ya ƙetare ya zauna, yamma ta 'yan asali ce. Ba don tausayi ba, don ya gaji da kashe kuɗin yaƙi. Manyan Virginia, har da George Washington, suna da buri a filayen da ke bayan layin. Ana yawan ba da labarin harajin takardu na 1765 da ganyen shayin da aka zubar a teku a Boston a 1773, ba a cika ambaton layin nan ba. Da aka sami 'yanci a 1783, Ingila ta miƙa musu har bakin Misisipi, kuma a yarjejeniyar Paris ko sunan 'yan asalin ba a ambata ba, har waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Ingila.

Shi kuma tsarin mulkin, a wajen rabon kujerun majalisa ya ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi, ya kuma hana majalisa dakatar da shigo da bayi kafin 1808.

Anti Rabi:
Ku ba ni dama in yi magana a kan Cherokee, domin a ƙasarsu nake zaune, kuma labarinsu shi ne amsar Abba.

Akwai wani wuri a arewacin Jojiya, New Echota, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu daga Atlanta. Na kai yarana. Nan ne babban birnin Cherokee. Yanzu fili ne shiru da 'yan gine-ginen katako da aka sake ginawa, akwai ɗakin kotu, akwai ɗakin buga jarida. A ɗakin buga jaridar nan na tsaya na kasa magana.

An ce wa mutanen nan idan suka waye irin wayewar Bature za a bar su a ƙasarsu. Suka ce to. Wani maƙerin azurfa cikinsu, Sequoyah, wanda bai iya karatun kowane harshe ba, ya zauna shekaru ya ƙirƙiro wa harshensu rubutu, alamomi 80 da 'yan kai, kowace tana wakiltar gaɓa. Ya gama a 1821, cikin 'yan shekaru dubbansu suka iya karatu. A 1827 suka rubuta tsarin mulki. A 1828 suka fara buga jarida da harshensu da Turanci, Cherokee Phoenix. Suna da makarantu, da gonaki, da shanu, da injinan niƙa. Duk abin da aka gindaya sun cika.

Sai aka ga zinariya a ƙasarsu wajen Dahlonega. Ga kuma manoman auduga sun zuba ido. Jihar Jojiya ta yi doka cewa dokokin Cherokee sun rushe, kuma ɗan Cherokee ba zai ba da shaida a kan Bature a kotu ba. Ku yi tunani: a shigo gonarka, a kore shanunka, ba ka da bakin faɗa a gaban alƙali. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe al'ummun gabas zuwa hayin Misisipi. A majalisar wakilai da ƙyar ta wuce.

Cherokee ba su ɗauki makami ba. Kotu suka nufa.

Barista Nafisa:
Kuma an yi nasara, wannan shi ne abin takaicin. A 1832, shari'ar Worcester da Jojiya. Samuel Worcester ɗan mishan ne Bature da Jojiya ta yanke wa shekara huɗu da aiki mai tsanani saboda ya zauna cikin Cherokee ba da izinin jiha ba. John Marshall ɗin nan dai ya yanke cewa Cherokee al'umma ce mai iyakarta, dokar Jojiya ba ta da ƙarfi a cikinta. Hukunci ya fito sarai. Amma kotu ba ta da soja. Jackson bai ɗaga yatsa ba, Jojiya ta yi biris. A wannan shekarar ma jihar ta yanka ƙasar Cherokee filoti-filoti ta raba wa fararen fata ta hanyar jefa ƙuri'a, masu ƙasar suna zaune a ciki.

Anti Rabi:
Shugabansu John Ross ya dawo daga Washington ya tarar da wani a gidansa, wai shi ya ci gidan a ƙuri'a.

Daga nan sai aka zo da takardar da Abba ke nema. A ƙarshen Disamba 1835, a New Echota, wasu 'yan tsiraru ƙarƙashin Major Ridge da ɗansa John da Elias Boudinot suka sa hannu aka sayar da ƙasar gaba ɗaya a kan dala miliyan 5. Ba su ne shugabanni ba, majalisar Cherokee ba ta wakilta su ba. Ni ban ce maciya amana ne kai tsaye ba, domin a ganinsu an riga an rasa ƙasar, gara a tsira da rai. Amma ba su da hurumi. Ross ya tara sa hannun mutum wajen dubu 15 na ƙin amincewa, kusan dukkan al'ummar ke nan, ya kai majalisar dattawan Amurka. Duk da haka aka amince da yarjejeniyar, da ratar ƙuri'a ɗaya.

A watan Mayu 1838 Janar Winfield Scott ya zo da dakaru wajen dubu 7. Aka riƙa fito da mutane daga gidaje, wasu suna tsakiyar cin abinci, aka tsare su a sansanoni cikin zafin bazara, zawo da ƙyanda suka shiga. Sannan aka kama hanya zuwa inda ake kira Oklahoma yau, tafiyar wajen mil dubu, mafi yawa a ƙasa, sanyi ya riske su a hanya, koguna sun daskare. Cikin mutum kusan dubu 16 an ƙiyasta wajen dubu 4 sun mutu. Matar Ross na cikinsu. Shi ake kira Tafarkin Hawaye. A watan Yuni 1839, rana ɗaya, 'yan uwansu suka kashe Ridge da ɗansa da Boudinot.

Ba su kaɗai ba ne. Choctaw, Creek, Chickasaw da Seminole duk an kwashe su.

Ummi:
Innalillahi. Anti, to gonakin nasu wa ya noma?

Malam Bala Zariya:
Ummi, kin yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Bayi. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, abin da mutum zai yini yana cire wa gurya sai inji ya yi shi cikin ɗan lokaci. Masaƙun Ingila kuma ba sa ƙoshi. Ƙasar Creek da Choctaw da Chickasaw, wato Alabama da Misisipi, ita ce ta fi dacewa da auduga. Aka fitar da masu ƙasa ta ƙofar yamma, aka shigo da bayi ta ƙofar gabas. An ƙiyasta mutum kusan miliyan ɗaya aka sayar ko aka kora daga su Virginia da Maryland zuwa kudu mai nisa kafin yaƙin basasa, ana raba uwa da ɗa. A ƙidayar 1790 bayi kusan dubu 700 ne. A 1860 sun kusa miliyan 4.

A cikinsu akwai Musulmi masu karatu daga yankinmu na Afirka ta Yamma. Abdurrahman Ibrahima, ɗan sarautar Futa Jalon, ya yi shekara 40 yana bauta a Natchez ta Misisipi kafin a sake shi a 1828. Umar bin Sa'id na Futa Toro ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, kuma ya mutu yana bawa. Hausawa kuwa an fi kai su Bahia ta Brazil.

Alhaji Ɗanjuma:
Salamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama, jikata ce ta ƙara mini girman rubutun. Ina da magana biyu, kuma ta biyun ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

Ta farko, Abba ɗana, ka yi kyau da ka tambaya, ba ka tsaya kan gardama ba.

Ta biyu, kada mu zauna muna nuna Bature da yatsa kamar hannunmu wankakke ne. A shekarun da kuke magana, a ƙasar nan tamu akwai rinji, akwai kasuwar bayi, akwai harin da ake kai wa ƙauyuka. Ni na tashi na tarar da tsofaffi waɗanda kowa a unguwa ya san asalinsu, ana raɗa. Kuma wace daula ce aka kafa ba da takobi ba? Su 'yan asalin Amurkan ma na ji suna yaƙar juna.

Malam Bala Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa kuma ban da ja. Daular Sakkwato na da bayi masu yawan gaske a ƙarni na 19, duk mai karatun tarihi ya sani. Iroquois sun ci maƙwabtansu da yaƙi, Comanche sun yi daula a kan dawakai. Su Cherokee ɗin ma masu kuɗinsu na da bayi baƙaƙe, kuma bayin nan sun taka Tafarkin Hawaye tare da iyayen gijinsu, suna ɗauke da kaya. Wannan ma ba a cika faɗa ba.

Amma Baba, tambayar Abba ita ce ko an saya. Wanda ya ci gari da yaƙi ya ce na ci da yaƙi, an san matsayinsa. Wanda ya rubuta alkawari da hannunsa cewa wannan yanki naku ne har abada, kotunsa ta tabbatar, sannan ya aiko soja, wannan sai a auna shi da ma'aunin da shi ya kawo. Gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya wajen 370 da waɗannan al'ummu daga 1778 zuwa 1871.

Abba Kurna:
Malam, saura Meksiko. Ita ai ƙasa ce mai gwamnati, kuma ta karɓi kuɗi.

Malam Bala Zariya:
Ta karɓa, sojan Amurka na zaune a babban birninta. Teksas ta ɓalle a 1836, Amurkawan da Meksiko ta ba izinin zama ne suka ɓalle da ita, kuma batun bayi na ciki, domin Meksiko ta haramta bauta a 1829. Amurka ta haɗe Teksas a 1845. A 1846 Shugaba Polk ya tura soja yankin da ake jayayya a kai, aka yi arangama, ya ce an zubar da jinin Amurkawa a ƙasar Amurka. Wani sabon ɗan majalisa, Abraham Lincoln, ya tashi ya nemi a nuna masa daidai wurin da jinin ya zuba. A 1848 Meksiko ta sa hannu ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya, inda aka ga zinariya kwanaki kaɗan kafin sa hannun. Ulysses Grant, wanda ya yi yaƙin yana ƙaramin hafsa kuma daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya rubuta da kansa cewa yana cikin yaƙe-yaƙe mafi rashin adalci da mai ƙarfi ya taɓa yi da marar ƙarfi.

Kuma ƙasar da aka samu ita ta kawo rigimar da ta kai su yaƙin basasa a 1861: sababbin jihohin nan, da bayi ko babu?

Abba Kurna:
To ni abin da na riƙe shi ne, a kowane mataki akwai Amurkawan da suka ce ba daidai ba ne. Worcester ya shiga kurkuku, Marshall ya yanke gaskiya, Lincoln ya yi tambaya, Grant ya rubuta. Wannan ma wani abu ne. Kuma talakan Turai da ya tsere wa yunwa aka ba shi eka 160 kyauta a dokar 1862, shi ma ba za a ce azzalumi ba ne, abinci yake nema wa 'ya'yansa.

Barista Nafisa:
Na yarda da rabin farko, ƙanena, kuma shi ya sa har yau ake iya shigar da ƙara. Shi kuma talakan, ba sai ya kasance mugu ba kafin gonar ta zama ta wani. Ga misalin da ya rage a buɗe. A 1868 aka yi yarjejeniyar Fort Laramie, aka bar wa Sioux tsaunukan Black Hills. A 1874 aka ga zinariya, a 1877 aka karɓe. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce an karɓe ba bisa ƙa'ida ba, a biya su diyya sama da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, duk da suna cikin mafiya talauci a Amurka. Kuɗin na ajiye yana ta haihuwa, an ce ya haura dala biliyan ɗaya. Hujjarsu ita ce idan suka karɓa ya zama sun sayar.

Musa Maradi:
Allahu akbar. Shekara arba'in da wani abu kuɗi na ajiye.

Anti Rabi:
Su ma Cherokee suna nan, Abba, ba su ƙare ba. Hedikwatarsu na Tahlequah a Oklahoma, allunan titi a garin da rubutun Sequoyah ne, jaridar nan ma ana buga ta har yanzu. A cikin takardar New Echota ɗin akwai sharaɗin cewa za a ba su wakili a majalisar wakilan Amurka. A 2019 suka naɗa wata mata, Kimberly Teehee, suka ce a ba ta kujerar da aka yi alkawari tun 1835.

Ummi:
An ba ta, Anti?

Anti Rabi:
An dai yi zaman sauraro a wani kwamitin majalisa a 2022. Kujera kuwa ba a ba ta ba.

Abba Kurna:
Zan kai wa abokina wannan zaren yau da dare ya karanta da kansa. Malam Bala, sati mai zuwa don Allah a yi mana na bayin Bahia da ka ambata, Hausawan nan.

Malam Bala Zariya:
In Allah ya kai mu. Za mu fara daga tawayen 1807.